Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Guzurin Yini A Bakin Tafkin Lagdo

 

A wannan wata za mu taɓa wata magana ce da wasu za su ga kamar ba ta kai a ɓata takarda a kanta ba, watau shirin guzuri idan iyali za su fita yini a bakin tafkin Lagdo. Abin da ya jawo ta shi ne, wata al'ada ta soma kama ƙasa a unguwanninmu, inda bayan salla ko lokacin hutun makaranta gida biyu ko uku za su haɗa kuɗi su ɗauki shatar mota, a kwashi mata da yara a tafi shan iska. Abu ne mai kyau, domin zumunta a ƙafa take, kuma akwai yaran da aka haifa a Hausare da Yelwa da ba su taɓa ganin ruwan da ya fi na gindin gadar Binuwai faɗi ba. Sai dai mun ga yadda ake shirin tafiyar, mu ma mun yi irinsa, mun kuwa ɗanɗana kuɗarmu. Don haka muka ga ya dace mu tona asirin kanmu, ko wani ya tsira da abin da ya same mu.

Yadda muka yi tamu tafiyar

Kwana biyu bayan ƙaramar sallar 2024 ne, wadda ta faɗo cikin watan Afrilu, lokacin da kowa ya san zafin Garwa kan haura digiri 40. Mu 19 ne, manya 8 da yara 11. Tun daren jajibirin tafiyar mata ba su runtsa ba: an yanka kaji, an dafa shinkafa da taliya, an haɗa salak da mayonis, an sayo lemun kwalba akwati biyu. Duk wanda ya ga kulolin da aka jera a zaure zai ce biki za a kai. Ruwa kuwa jarka ɗaya muka jefa bayan mota, ita ma sai da direba ya tuna mana. Da Gwaggo ta ga haka sai ta riƙe baki ta ce, "Ikon Allah! 'Yan Garwa za su fita yini, ba ko garwa biyu ta ruwa?" Muka yi dariya, wani ƙanenmu ya ce, "Haba Gwaggo, bakin ruwa fa za mu." Ta ce, "To, Allah ya kiyaye hanya," ba ta ƙara ba.

Mun yi niyyar tashi da hantsi, neman takalmin wannan da ɗankwalin waccan ya kai mu ƙarfe 10. A wani shinge na hanya aka nemi takardu, sai ga shi ɗan yayarmu, saurayi da gemunsa, ya baro katinsa a aljihun rigar salla. Kafin a gama bayani a sallame mu, rana ta take tsaka. Da muka isa, rabin jarkar nan ta tafi a alwala da wanke hannu da wanke yaro ɗaya da ya yi amai a mota. Kafin la'asar babu ko ɗigo. Lemun kwalba ya yi zafi kamar shayi, kuma duk wanda ya sha sai ƙishirwa ta ƙaru. Yara suka faɗa ruwa suna wasa a gefe, wasu har suna kurɓa, mu kuwa muna ƙarƙashin itace muna hira, kowa na tsammanin wani yana lura da su.

Ba mu ji kuka ba, ba mu ji ihu ba. Wata 'yarmu mai shekara 13 ce ta waiga ta ga ƙaninta ɗan shekara 4 fuskarsa a cikin ruwan da bai wuce gwiwar babba ba, ta finciko shi. Allah ya yi da sauran kwanansa. Da yamma shinkafar da aka dafa tun asuba ta soma yami, aka ci saboda kada a yi asara, mutum uku suka kwana suna zarya bayan gida. Bayan wata biyu da wani abu kuma, uwargida ta kira mu gefe ta ce, "Malam, zo ka ga fitsarin yaron nan." Jini ne. Asibiti suka ce tsargiya ce.

Wannan duka a tafiya ɗaya, kuma babu ɗaya daga ciki da ba za a iya kauce masa ba da an zauna an yi shiri na minti talatin kwana biyu kafin a tashi. Magabata sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu san wurin da za mu

Kafin a ɗaure kaya, ya kamata a san cewa Lagdo ba kududdufin bayan gari ba ne. Tafkin ya samu ne daga madatsar da aka gina a kan kogin Binuwai tsakanin 1977 da 1982, zamanin Shugaba Ahmadu Ahijo, kuma wani kamfanin ƙasar Sin ne ya yi aikin. Tsayin madatsar mita 40 ne, tsawonta mita 308, ruwan da ta tare kuwa ya mamaye fili mai faɗin murabba'in kilomita 586. Tana kimanin kilomita 50 kudu da Garwa, ko da yake a hanyar mota nisan ya ɗara haka, domin sai an haye gada an bi hanyar Ngaundere kafin a karkata gabas. Injunanta huɗu an yi su ne su ba da megawat 72 na lantarki, kuma daga nan ne wutar Garwa da sauran manyan garuruwan arewa ta daɗe tana fitowa. A ƙasa da madatsar, wajen Gunugu, ana noman shinkafa da ruwanta.

Ruwa mai wannan girma yana da halinsa. Yana da zurfi, yana da igiya idan iska ta taso, akwai dorina, akwai kada, kuma ƙarƙashinsa akwai duwatsu da kututturan itatuwan da ruwa ya ci tun lokacin da aka tare kogin. Haka kuma idan ya cika a ƙarshen damina akan buɗe ƙofofin madatsar, kamar yadda aka yi a 2012 da 2022, shekarun da ambaliya ta yi ɓarna tun daga nan gida har jihohin Adamawa da Binuwai da Kogi a Nijeriya. Saboda haka duk mai niyyar zuwa cikin Agusta ko Satumba, kada ya shimfiɗa tabarmarsa a yashin da ke ƙasa da madatsar. Mafi daɗin lokacin tafiya shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da hanya ta bushe, rana kuma ba ta yi tsanani ba. Wanda ya ce sai bayan salla ko da ta faɗo a bazara, to ya ninka shirinsa.

Ruwa kafin nama

Abu na farko da za a sa a mota, tun kafin tukunya, shi ne ruwan sha. Lissafin da muke bi yanzu mai sauƙi ne: lita 4 ga kowane babba, lita 2 ga kowane yaro, sannan jarka guda daban domin alwala da wanke hannu da kwanuka. Da mun yi wannan lissafi a waccan tafiya, da jarka huɗu masu cin lita 20 muka ɗauka, mu da muka tafi da ɗaya. A wanke jarkokin da sabulu tun kwana biyu kafin tafiya, kuma kada a yi amfani da wadda ta taɓa cin fetur ko maganin feshin auduga, komai wankin da aka yi mata.

Mai firji ya daskarar da wasu gorunan roba tun dare biyu kafin ranar, kada ya jira daren ƙarshe, domin mun san halin wuta, musamman a shekarar da ruwan tafkin ya ja baya kamar yadda aka gani a 2021. Wanda ba shi da firji ya yi dabarar iyayenmu: a naɗe jarka da buhun algarara jiƙaƙƙe, a ajiye ta a inuwa inda iska ke bugawa, za a sha ruwa mai sanyi har yamma. A tafi da kofuna da yawa, kuma a zuba ruwan daga jarka, kada kowa ya riƙa tsoma kofinsa. Zoɓo, wanda a nan muke kira folere, da kunun tsamiya sun fi lemun kwalba kashe ƙishirwa, sun kuma fi shi araha, muddin ba a cika musu sukari ba.

Ruwan tafki ba na sha ba ne, komai kyawunsa a ido. Mutane da dabbobi suna shiga cikinsa, ƙauyuka na kewaye da shi, kuma waɗanda suka ga annobar kwalara ta 2010 a arewacin ƙasar nan ba sa bukatar a yi musu dogon bayani. Idan larura ta sa dole a sha, to a tace shi da ƙyalle mai tsabta, a tafasa shi sosai.

Abincin da ke jure rana

Kuskurenmu na biyu shi ne mun ɗauki abincin ɗaki mun kai shi daji. Hukumar Lafiya ta Duniya tana gargaɗin kada a bar dafaffen abinci a waje fiye da awa 2, to ina ga shinkafar da aka sauke da asuba aka ci da la'asar cikin zafin Afrilu? Mayonis da dafaffen ƙwai da salak da miyar nama su ne kan gaba wajen lalacewa, kuma sau da yawa abinci kan lalace tun hanci bai ji ba.

Abin mamaki shi ne, babu wanda ya kai Bahaushe sanin guzuri. Kakanninmu da suka zo ƙasar nan da fatauci, suna tafiyar watanni da jakuna tsakanin Kano da Yola da Garwa da Ngaundere, ba su da firji ba su da kula, amma sun san abin da ke jure hanya. Kilishi da dambun nama da ƙuli-ƙuli da dakuwa da soyayyar gyaɗa da dabino da garin rogo, duk ba ruwansu da rana. Ga burodi da sardin na gwangwani, wanda ba a buɗewa sai za a ci. Ga mangwaro da lemu da kankana, waɗanda ba a yankawa sai an isa. Fura ma a tafi da ita a dunƙule, a dama a can da ruwan gida, idan kuwa da nono za a dama, a sha shi da wuri. Mu da muka koya wa mutanen kudu cin tsire har suka sa masa suna soya, bai kamata a ce mayonis ne ya kwantar da mu ba.

Wanda ke son abinci mai zafi ya ɗauki ɗanyen kaya ya dafa a can: shinkafa, man Diamaor ko man gyaɗa, gishiri, yaji, albasa, tumatir, tukunya ɗaya, gawayi da murhunsa, ashana da wuƙa. Kifi kuwa ba a kai shi Lagdo, can ake samunsa a hannun masunta, sai dai a duba idonsa ya zama garau, kunnensa ja, namansa kuma bai saki ba. A riƙe canjin kuɗi ƙanana, domin masunci ba zai bar komarsa ya tafi neman canjin jaka goma ba. Idan an gama girki a kashe wutar da ruwa har sai ta daina hayaƙi, saboda ciyawar rani ba ta da wuyar kamawa, kuma gonaki da bukkokin mutane na kusa.

Takarda a aljihu

Wannan magana ta shafi kowa, amma ta fi shafarmu. Lagdo ba ta da nisa da iyaka, kuma a bakin tafkin akwai masunta da 'yan kasuwar kifi daga wurare da dama, har da 'yan'uwanmu daga Nijeriya da Cadi. Wanda aka ji yana Hausa a hanya, ba mamaki a tambaye shi daga ina yake, ko da kuwa a Garwa aka binne cibiyar kakansa. Amsar da ta fi kowace gajarta ita ce katin ɗan ƙasa a hannu. Don haka tun dare maigida ya bi kowane baligi ɗaya bayan ɗaya ya ga katinsa da idonsa, kada ya yarda da "yana nan, Baba." Wanda katinsa bai fito ba ya riƙe rasit ɗin da aka ba shi. 'Yan makaranta su ɗauki katin makaranta, ƙanana kuma a riƙe musu kwafin takardar haihuwa. Baƙon da ya zo mana salla daga Yola ko Mubi shi ma ya riƙe tasa takardar. A haɗa su duka a jaka ɗaya da ruwa ba ya shiga.

Direba ma a tambaye shi takardun mota, a duba tayar safaya da jak, a sha mai tun daga gari. Ba rashin kunya ba ne a tambaya, tun da rayukan iyali za a ɗora masa. A caja wayoyi, kuma a bar wa wani a gida labarin inda aka nufa da lokacin da ake sa ran dawowa.

Inuwa da ɗan akwatin magani

Ba ko'ina ake samun itace mai inuwa a bakin ruwa ba, kuma wanda ya riga zuwa shi ke kama mai kyau. A ɗauki tabarmi, da tampol ko manyan zannuwa biyu, da igiya mai tsawo. Igiyar nan tana da aiki biyu, domin ban da kafa rumfa, ita ce za a jefa wa wanda ruwa ya ja. A ɗauki buta biyu, da sabulu, da malafa ko hula ga kowane yaro, da takalman roba saboda ƙaya da duwatsu da fasassun kwalabe, da tufafin canji, da tocila ko da dare zai riski mutane a hanya.

Akwatin magani ba ya bukatar girma: farasitamol, bandeji da filasta, maganin wanke ciwo, da ƙullin gishiri da sukari na asibiti saboda gudawa. Idan babu na asibiti ana haɗawa a gida: lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari a shafe, da rabin cokalin na gishiri. Dattijon da ke shan maganin hawan jini ko na ciwon sukari, da yaro mai asma, a tabbata maganinsu ya shiga jaka. Duk wanda aka ga jiri na ɗibarsa, ko kansa na sarawa, ko ya daina gumi alhali jikinsa ya yi zafi, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, idan kuma ya soma sambatu a nufi asibiti ba tare da jira ba. Sannan a yi ƙoƙari a bar bakin ruwa kafin magariba, lokacin da sauro ke fitowa.

Maganar tsargiya

Da yawa daga cikinmu mun taso muna jin cewa fitsarin jini alamar balaga ce ga yaro namiji. Wannan ba gaskiya ba ne, cuta ce. Wasu ƙananan katantanwa da ke zaune a ruwan kwance, a gefen tafki da hanyoyin ban ruwa na gonakin shinkafa, su ke ɗauke da ƙwayar. Tsutsar tana fitowa daga jikinsu, ido ba ya ganinta, ta huda fatar wanda ya shiga ruwan, kuma ta fi yawa da tsakar rana, daidai lokacin da yara suka fi son wanka. Ba sai an sha ruwan ba, tsayuwa a ciki ma ta isa. Alamar ba ta bayyana nan da nan, sai bayan makonni ko watanni, shi ya sa iyaye ba sa danganta ta da tafiyar da aka yi. Idan aka bar ta tana iya lalata mafitsara da ƙoda, wani nau'inta kuma hanji da hanta yake kamawa. 'Ya'ya mata ma suna kamuwa.

Maganinta yana nan, ana kiransa farazikwantel, shi ne irin ƙwayar da ma'aikatan lafiya kan raba wa yara a makarantu, kuma namu yaron da shi ya warke. Amma rigakafi ya fi magani. Dokarmu yanzu ita ce, ana zuwa Lagdo kallo ne da cin kifi. Ƙananan yara idan zafi ya dame su, akwai baho a cikin kaya, a zuba musu ruwan gida a ƙarƙashin rumfa su yi ta facal-facal. Wanda kuwa ya riga ya shiga ruwan, a faɗa wa likita idan an ga zazzaɓi ko ƙaiƙayi ko canji a fitsari.

Guzurin da ba ya shiga jaka

Duk abin da muka lissafa ana iya sayensa a kasuwa, ban da wannan. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya nuna cewa kimanin mutum 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a shekarar 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Yaro idan yana nutsewa ba ya ihu, ba ya ɗaga hannu, mun gani da idonmu. Kuma yawan manya ba ya tsare yaro, domin kowa na dogara da ɗan'uwansa.

Abin da muke yi yanzu shi ne, tun a gida ake rubuta sunayen yara a takarda, a raba wa manya aikin tsaro, awa ɗaya-ɗaya. Mai tsaro yana sa wata jar hula da muka ware domin haka, ba ya hira, ba ya duba waya, ba ya girki, kuma ba ya cire hular sai ya ɗora ta a kan wanda zai canje shi. Ana ja wa yara layi a ƙasa, taku ashirin daga bakin ruwa, wanda ba a tsallakewa sai da babba. Ana ƙirga su kafin a ci abinci, da bayan kowace salla, da kafin mota ta tashi. Aikin nan na maza ne da mata baki ɗaya, kuma kada a ɗora shi a kan 'yar shekara 13, ko da yake ita ce ta fitar da mu kunya.

Idan aka isa, kafin a sauke kaya, a je a yi sallama da masuntan wurin, a tambaye su inda dorina ke fitowa da inda ruwa ke da rami. Ɗan goro da gaisuwa sun isa, kuma da yawansu suna jin Hausa ko Fulatanci. Dorina ba abin wasa ba ce, ta fi mutum gudu a tudu, tana kifar da kwalekwale, musamman mai ɗa. Idan aka ga sawunta ko kashinta a wuri, a matsa gaba, kuma kada a taɓa shiga tsakaninta da ruwa. Samari masu son ɗaukar hoto su yi daga nesa. Zancen shiga kwalekwale kuwa, idan babu rigar nan mai hana nutsewa ga kowa, ko an ga jirgin ya cika, ko hadari ya haɗo, to a haƙura. Kowa ya kwana lafiya shi ya so.

A bar mata su ga ruwan

Akwai wani abu da muka lura da shi sai daga baya. A waccan tafiya, matan da suka kwana girki su ne suka yini rabon abinci da wanke kwanuka da rarrashin yara, har aka dawo wasunsu ba su ɗaga kai sun dubi tafkin ba. Da muka tambayi uwargida ko ta ji daɗin fita, sai ta ce, "Wace fita, Malam? Madafa ce aka canja mini." Wannan magana ta zauna mana. Idan aka sauƙaƙa abinci kamar yadda muka faɗa a sama, aka bar wa samari gashin kifi da ɗaukar jarka, to kowa zai samu rabonsa na hutu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A kuma tanadi zane da sanduna a kewaye wani wuri domin mata su samu inda za su kama ruwa cikin sutura, nesa da bakin tafki.

Haka nan a sa buhu biyu babu komai a cikin kaya, domin kwashe shara. Tun 2014 dokar hana amfani da siraran ledoji ta soma aiki a Kamaru, amma har yau duk inda aka yi zama sai ka ga leda da gwangwani da kwalba. Wurin da muke zuwa yini ɗaya, wasu nan ne gidansu da gonarsu da mashayar dabbobinsu. Kada a ce Hausawan Garwa sun zo sun bar ƙazanta.

Ribar da ba mu zata ba

Mun sake komawa cikin Disamba na shekarar, da jarka huɗu da jar hula. Ba a yanka kaza ko ɗaya ba, kuma babu wanda ya kwana da yunwa ko ciwon ciki. Da aka kawo kifi, Kawu ya tara yara yana tambayarsu sunan kowane. Duk suka ce kapiten da karp, kamar yadda suke ji a kasuwa da makaranta. Ya ɗaga ɗaya bayan ɗaya yana faɗa musu: wannan giwan ruwa, wannan karfasa, wannan tarwaɗa mai gashin baki, wannan kurungu mai ƙaya, wannan tsage mai haƙora. Daga nan ya shiga ba su labarin zamanin da jiragen ruwa ke tasowa daga Nijeriya su iso tashar Garwa idan kogi ya cika da damina. Yaranmu suna tashi da Faransanci a aji, da Fulatanci a titi, kuma duka biyun alheri ne gare su, amma Hausar da ta wuce ta aike da gaisuwa sai a irin wannan zama suke jinta. Saboda haka idan ana lissafin kujerun mota, a bar ɗaya domin tsoho ko tsohuwa, a kuma saurari abin da suka faɗa tun daga zaure, kada a yi irin tamu da Gwaggo.

A taƙaice, kwana biyu kafin tafiya maigida da uwargida su zauna da takarda da alƙalami: ruwa, takardu, inuwa, magani, busasshen guzuri, buhun shara, da sunan wanda zai fara sa jar hula. Wanda ke da wata dabara da ba mu ambata ba, ko mutanen Marwa masu zuwa tafkin Maga, su rubuto mana ta adireshin jarida, za mu buga domin amfanin kowa.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa idan Allah ya kai mu. Allah ya tsare mana zuri'a, ya kai kowa gidansa lafiya.